Mai Raino, 'Yar Aiki, Nani: Tarihin Sunayen Masu Kula da 'Ya'yan Wasu a Ƙasar Mafara

Hausa ba ta yi wa masu sana'a rowar suna ba. Mai ƙira maƙeri ne, mai saƙa masaƙi, mai aski wanzami, mai karɓar haihuwa ungozoma, mai yawo da kaya gida-gida dillaliya, mai kai saƙo tsakanin sarki da cikin gida jakadiya. Da yawa daga cikin sana'o'in nan har sarauta gare su, akwai Sarkin Maƙera, akwai Sarkin Aski, akwai Sarkin Fawa. Amma idan aka zo kan macen da ake biya don ta kula da ɗan wata, sai a tarar babu kalma ɗaya tilo da harshen ya ware mata. Ko dai a haɗa kalmomi biyu a ce mai raino ko 'yar aiki, ko a ari ta Turawa a ce nani, ko kuma a lulluɓe ta da sunan zumunta, a kira ta Yaya, Inna ko Baba.

Wannan giɓi yana da dalili. Shekaru aru-aru raino dangantaka ne a wurin Bahaushe, kuma dangantaka ba a yanka mata farashi. Kuɗin wata ya shigo cikinsa ne daga baya, ya tarar da tsofaffin kalmomi zaune da nauyin da ke kansu. Daga nan kowace kalma ta zama tana ɗauke da wani alkawari dabam, kuma wadda gida ya zaɓa ya kira yarinya da ita, ita ke nuna abin da gidan ya yarda ana binsa.

Garuruwa uku na yammacin Jihar Zamfara, wato Talata Mafara da Bakura da Maradun, wuri ne mai kyau na bin sawun wannan sauyi. Cikin abin da bai wuce rayuwar mutum ɗaya ba, sun tashi daga gundumomin manoma a Lardin Sakkwato, suka zama mazaunin ɗaya daga cikin manyan ayyukan noman rani na Nijeriya, suka fitar da gwamnoni uku, sannan suka zama mafakar mutanen ƙauyukan da 'yan bindiga suka tarwatsa. Kowane mataki ya bar alamarsa a kan wadda ke goye da jariri a tsakar gida, da kuma sunan da ake kiranta da shi.

Goyo, raino, riƙo

Kalmomi uku ne tushen maganar, kuma kowace da iyakarta. Goyo aikin jiki ne: a ɗora jariri a baya, a ɗaure da zane, a ƙara da majanyi. Raino, wanda wasu ke furtawa reno, ya fi faɗi. Ya haɗa ciyarwa da wanka da lallashi da tsaro daga wuta da rijiya, har yaro ya yi wayo. Shi ya sa ake cewa mace tana rainon ciki, manomi yana rainon iri, kuma gidajen rediyo ke kiran ƙasashen da Ingila ta mulka ƙasashe rainon Ingila. Riƙo kuwa ya wuce duka biyun, domin shi ne a ɗauki yaro kacokan a miƙa wa wani gida, ci da sha da sutura da tarbiyya da aure duk su koma can.

Al'adar gidan Bahaushe ita ta sa hannaye suka yi yawa a kan yaro ɗaya. Uwa tana kunyar ɗan fari, ba ta kiran sunansa, ba ta nuna ɗokinsa a gaban mutane, saboda haka tun yana jinjiri kaka ko gwaggo ko kishiyar uwa ke jan sa a jiki. Idan ya kai wajen shekara biyu aka zo yaye, gidan kaka ake kai shi, wani ya dawo bayan kwanaki, wani kuwa zaman ke nan. Daga nan aka sami kalmar goyon kaka, wadda ake jifan yaron da ya sangarce da ita. Macen da Allah bai ba haihuwa ba, 'yan'uwa sukan ba ta ɗa ko ɗiya ta riƙe. Tsohuwar kalmar wannan ita ce tallafi, a ce ɗan tallafi, tun kafin kalmar ta koma bakin gwamnati ta zama ta man fetur da takin zamani.

Baba ta Karo, dattijuwar ƙasar Zazzau da Mary Smith ta rubuta tarihin rayuwarta daga bakinta tsakanin 1949 da 1950, aka buga shi a 1954, ba ta haihu ba, amma gidanta bai rabu da yara ba, domin dangi sun ba ta ta riƙa, ta aurar. Labarinta shi ne labarin dubban mata a Zamfara da Katsina da Kano na wancan zamani.

Aikin yini kuwa, wato ɗaukar jariri yayin da uwa ke daka ko girki ko kaɗi, a bayan 'yan mata ƙanana yake. Yarinya 'yar shekara bakwai ko takwas tana goye da ƙanenta, tana wasan gaɗa da shi a baya. Idan gida babu irin wannan yarinya, sai a aro daga dangi. Amarya takan tare da ƙanwarta ko ɗiyar yayarta don ta ɗebe mata kewa, ta je mata aike, idan haihuwa ta zo ta zama 'yar raino. A bakin mutanen Mafara da Bakura, inda ake cewa ɗiya a maimakon 'ya, ita ce ɗiyar riƙo.

Babu wanda ke lissafin kuɗin wata a cikin duk wannan, amma ba a kyauta ake yinsa ba. Sakamakon yana tafe ne a hankali, yana kuma da nauyi. Wadda ta riƙi yarinya ita ke yi mata kayan sallah, ita ke tara mata kwanoni da tasoshi, ita ke fitar da kayan ɗakinta ranar aure. Wadda ta goyi yaro kuwa ta zama uwar goyonsa har abada. Idan ya girma ya sami abin hannu, yana da wuya ya tsallake ta a rabon goron sallah, in kuwa ya tsallake ta, gari zai yi da shi. Ko ungozoma, wadda ita ce mafi kusa da mai karɓar lada a harkar jarirai, ba ciniki ake yi da ita ba. Tana da kasonta sananne daga naman suna da hatsi da ɗan abin da ya sawwaƙa, kuma yaron da ta yanke wa cibiya jikanta ne na wasa muddin ranta.

Abin da littattafan malamai suka tanada

Akwai wuri ɗaya da Bahaushe ya daɗe da sanin cewa ana iya biyan lada a kan kula da jariri, shi ne zauren malamai. Alƙur'ani ya yi maganar neman mai shayarwa da ba ta ladanta a aya ta 233 ta Suratul Baƙara da aya ta 6 ta Suratuɗ Ɗalaƙ. Risala ta Ibn Abi Zaid da Mukhtasar na Khalil, littattafan mazhabar Malikiyya da alƙalan Daular Sakkwato suka yi hukunci da su, waɗanda kuma har yau ake karantawa a zaurukan Mafara da Bakura da Maradun, sun bambanta abubuwa biyu: shayarwa, da kuma haƙƙin riƙon yaro bayan rabuwar aure, wanda ake kira hadana. Matar da aka saka tana da damar karɓar lada a kan shayar da ɗanta. Riƙo kuwa na uwa ne, idan ta mutu ko ta yi wani aure ya koma ga kaka ta wajen uwa, sannan 'yar'uwar uwa. Malaman fiƙihu sun kuma yi bayani a kan ɗaukar wata mace dabam ta shayar da jariri a bisa lada sananne.

Abin lura shi ne, a wannan tsari lada ba ya kashe zumunta. Matar da aka biya ta shayar da yaro ta zama uwarsa, 'ya'yanta sun zama 'yan'uwansa, aure ya haramta a tsakaninsu, kuma a Malikiyya ko sau ɗaya nono ya isa cikin jariri a cikin shekarun shayarwa, hukuncin ya tabbata. Kowane ɗalibin Islamiyya ya san Halimatus Sa'adiyya, wadda ta zo Makka neman jaririn da za ta shayar don ta sami abin rufin asiri, ta koma da Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. An san kuma Ummu Aiman, baiwar Habasha da ta raine shi, ya 'yanta ta, ya riƙe ta da girman uwa har ƙarshen rayuwarsa. Ke nan addini ya ajiye wa Bahaushe misalin da ya haɗa biyun: a biya mace haƙƙinta, a kuma girmama ta a matsayin uwa. Sai dai a aikace, idan uwa ta rasu a ƙasar Hausa, kaka ko wata daga dangi aka fi nema ta shayar, saboda haka shayarwa ba ta zama sana'ar kasuwa mai suna na kanta ba.

Kuyanga da baranya

Akwai kuma wani ɓangare na tarihin da ba a cika son tunawa ba. A gidajen sarauta da na attajirai na ƙarni na 19, waɗanda suka fi goyon 'ya'yan masu gida bayi ne. Masana tarihi Paul Lovejoy da Jan Hogendorn, a littafinsu na 1993 kan yadda bauta ta mutu a hankali a Arewacin Nijeriya, sun nuna cewa bayin Daular Sakkwato sun haura miliyan ɗaya a lokacin da Turawa suka zo. Mazan suna rinji suna noma, matan kuwa da yawa suna cikin gida suna daka da ɗiban ruwa da raino. Kalmominsu suna nan cikin harshe: baiwa, kuyanga, da cucanawa, wato waɗanda aka haifa cikin bauta. Ɗan sarki yakan tashi a bayan kuyanga, ya fi sabawa da ita a kan mahaifiyarsa, kuma idan ya hau gado takan sami wata alfarma a fada. Alfarma ce dai, ba 'yanci ba, kuma ba lada ba.

Dokar Lugard ta 1901 ta hana cinikin bayi, ta kuma ce duk wanda aka haifa daga farkon watan Afrilu na shekarar ɗa ne. Sakkwato ta faɗa hannun Turawa a watan Maris na 1903, amma sai a 1936 aka soke bauta gaba ɗaya a Arewa. Cikin waɗannan shekaru talatin da 'yan kai, mata da yawa ba su bar gidajen iyayen gijinsu ba, domin babu inda za su. Abin da ya canza shi ne suna. Kuyanga ta koma baranya, ko a ce ɗiyar gida ce, ko a ce ta gidanmu ce tun kaka da kakanni. Barantaka tana da nata ƙa'idoji: bara yana hidima, ubangida ko uwar ɗaki suna ciyarwa, su tufatar, su yi aure, su biya haraji. A nan ma ba a yanka albashi.

Gadon da wannan zamani ya bari shi ne ƙyama. Kula da ɗan 'yar'uwa zumunci ne, abin yabo. Kula da ɗan bare a gidan bare kuwa ya ɗauki warin bauta. Har gobe idan uwar gida ta matsa wa yarinya da aiki, abin da maƙwabta ke faɗa shi ne ta mai da ita baiwa, kuma har gobe akwai iyayen da za su yarda ɗiyarsu ta yi talla rana ta dake ta, amma ba za su yarda a ce tana aikatau a gidan wani ba.

Albashi ya iso

Hidimar gida da ake biya wata-wata ta shigo ne ta bariki. Jami'an Turawa da ma'aikatan kamfanoni sun ɗauki kuku da boyi, kalmomi biyu da Hausa ta ara daga Ingilishi, kuma kusan dukkansu maza ne. Da layin dogo ya iso Gusau da Ƙauran Namoda, Gusau ta cika da kamfanonin auduga da gyaɗa da akawuna daga kudu, irin wannan aiki ya yaɗu. Matan Turawa sun zo da wani abu da suka saba da shi a wasu ƙasashe. A Indiya suna da aya, macen ƙasar da ke rainon 'ya'yansu. A Ingila kuwa nani sana'a ce mai horo, har da makarantar Norland da aka kafa a Landan a 1892 don koyar da ita. Amma wannan duniyar bariki ce. Matar manomi a Bakura ko Maradun ba ta da abin da zai fitar da ita daga gida tun safe har azahar, balle ta nemi wadda za ta biya.

Shekarun 1970 su suka kawo sauyin har ƙofar gida. Kuɗin man fetur ya shigo, ƙarin albashin Udoji na 1974 ya cika aljihun ma'aikata. A tsakiyar shekarun aka fara gina madatsar ruwa ta Bakolori a kan Gulbin Sakkwato, kamfanin Impresit na Italiya ya yi aikin, aka kammala madatsar a 1978, aka shimfiɗa magudanan ruwa a filayen Mafara da Bakura da Maradun. Talata Mafara ta cika da injiniyoyi da direbobi da akawuna da malaman gona daga sassan Nijeriya da ƙetare, mutanen da suka zo da iyali amma ba su zo da kaka ko gwaggo ba. A ɗaya gefen kuma ruwa ya ci gonaki da ƙauyuka, aka tashi dubban mutane, rikicin diyya ya yi tsanani har 'yan sandan kwantar da tarzoma suka buɗe wa manoma wuta a watan Afrilu na 1980. Wuri ɗaya, lokaci ɗaya, aka sami gidajen da ke da albashi ba su da dangi a kusa, da gidajen da ke da 'ya'ya ba su da gona.

A watan Satumba na 1976 kuma gwamnatin Obasanjo ta ƙaddamar da shirin ilimin firamare kyauta ga kowa. Shirin ya taɓa raino ta fuska biyu. Ya ɗauke ƙanwa da ɗiyar yaya daga tsakar gida da safe, a gidajen da suka yarda da boko ke nan, ya kuma buƙaci malamai mata masu yawa, waɗanda dole su bar jarirai su tafi aji. Enid Schildkrout, wadda ta yi bincike a birnin Kano a ƙarshen shekarun 1970, ta nuna yadda sana'ar matan kulle ta dogara kacokan a kan yara, su ne 'yan aike, su ne 'yan talla, su ne masu raino, kuma ribar tallar yarinya ita ake tarawa a yi mata kayan ɗaki. Makaranta ta shiga tsakanin mace da waɗannan hannaye.

Da aka ƙirƙiro Jihar Zamfara ranar 1 ga Oktoba 1996, sabbin ma'aikatu da asibitoci da makarantu suka buɗe. Talata Mafara tana da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Abdu Gusau, daga baya aka kafa jami'ar jiha a garin, Bakura kuma tana da kwalejin aikin gona. Ahmad Sani Yariman Bakura ya yi gwamna daga 1999 zuwa 2007, Abdul'aziz Yari na Talata Mafara daga 2011 zuwa 2019, Bello Matawalle na Maradun daga 2019 zuwa 2023, kuma kowane zamani ya ɗaga wasu gidaje daga garuruwan nan zuwa Gusau da Kaduna da Abuja. Malamar makaranta da ma'aikaciyar jinya da matar ɗan siyasa duk suna bukatar hannu na biyu. Dokar ƙwadago mako 12 ta ba mai jego, jariri kuwa sai ya shekara biyu yana shan nono.

Sunaye huɗu, alkawura huɗu

Daga wannan tarihi aka gaji sunayen da ake ji yau.

Na farko ɗiyar riƙo, ko a ce ɗiyarmu ce ta ƙauye. Wannan suna yana cewa yarinyar 'yar gida ce, saboda haka ba a maganar albashi. A asalinsa alkawari ne babba, domin mai riƙo ta ɗauki nauyin karatu da lafiya da aure. Inda aka cika shi, yarinya takan fita da abin da iyayenta ba za su iya ba ta ba. Inda ba a cika ba, sunan ya zama mayafi, ana cin aikinta kyauta da sunan zumunci, 'ya'yan gida suna tafiya makaranta ita tana wanke-wanke.

Na biyu 'yar aiki. Wannan ya fito fili ya ce ciniki ne. Yawanci wata dillaliya ce ke kawo yarinya daga ƙauye, a yi tsada da ita, kuɗin wata ya bi ta hannunta zuwa ga uwar yarinyar, wadda ke tarawa don kayan ɗaki, kamar dai yadda ake yi da ribar talla. Sunan bai ambaci jariri ba sam, domin aikin ba shi da iyaka: shara, wanki, girki, aike, raino. Ba ya kuma ɗauke da alkawarin gobe. Ranar da aka sallame ta, ko ta gudu, ko aka zo ɗaukarta don aure, magana ta ƙare.

Na uku mai raino. Shi ne mafi daraja a cikin na Hausa, domin ya ambaci aikin da sunansa, kuma an fi ba da shi ga babbar mace, bazawara ko wadda mijinta ya rasu, wadda ta haifa ta raina ta san zazzaɓin haƙori da kukan yunwa. Irin wannan uwar gida ba ta kiran sunanta gatsau. Baba za ta ce, ko Inna, ta gaishe ta da safe kafin ta ba ta umarni, yara kuma su tashi suna ganinta kamar kaka.

Na huɗu nani. Ta shigo ne ta makarantun kuɗi na ƙananan yara, inda nani ita ce matar da ke kai yara bayi, ta wanke su, ta ba su abinci, ta zauna da su har a zo ɗauka. Daga can ta shiga gidajen ma'aikata. Kalmar tana da ƙamshin zamani, tana nuna aiki mai lokacin farawa da na tashi, amma horon da ya ba ta daraja a Ingila bai biyo ta ba, kuma a yawancin makarantu nani ce ke ƙasan jerin albashi. A Maraɗi da Yamai, inda Faransanci ya yi tasiri, kalmar bonne ce ta taka irin wannan rawa.

Wanda ke son ya gane matsayin yarinya a gida, ya saurari yadda ake kiranta. Bahaushe ba ya barin yaro ya kira na gaba da shi da suna tsirara. Idan yaran gida suna cewa Yaya ko Anti kafin sunanta, an saka ta cikin jerin manya. Idan ɗan shekara biyar yana ƙwala wa 'yar shekara goma sha huɗu kira da sunanta kawai, uwarsa tana ji ba ta tsawata ba, an riga an gaya wa yaron cewa wannan ba ta cikin waɗanda ake girmamawa. Ita kuwa yarinyar Hajiya take cewa, ko Anti, ko Mama, kuma a cikin ukun nan ma akwai nisa da kusa.

'Ya'yan gudun hijira da abin da doka ta ce

Shekaru goma sha da suka wuce sun ƙara wa maganar nauyi. Hare-haren 'yan bindiga sun tashi ƙauyuka da dama a ƙananan hukumomin nan uku. Ranar 26 ga Fabrairu 2021 aka sace 'yan mata daga makarantar kwana ta Jangebe a ƙaramar hukumar Talata Mafara, aka sako 279 bayan kwanaki kaɗan. A watan Agusta na shekarar aka shiga kwalejin aikin gona ta Bakura, ranar 1 ga Satumba kuma aka kwashi ɗalibai fiye da 70 a makarantar Kaya ta ƙasar Maradun. Aka rufe makarantu na wani lokaci, aka dakatar da kasuwannin mako, aka yanke layukan waya. Iyaye da yawa da suka fara sakin jiki da karatun 'ya mace suka janye.

Matar da aka kashe mijinta, ta baro gona da rumbu ta shigo gari da 'ya'ya biyar, ba ta da ƙarfin ciniki. Idan aka ce ta kawo ɗiyarta a riƙa mata, godiya za ta yi, ba za ta tambayi ko za a sa ta makaranta ba. A irin wannan hali ne tsofaffin kalmomi suka fi saurin zama tarko. Sunan riƙo yana kawar da albashi, sunan aiki yana kawar da alkawarin aure da karatu, kuma gida yana iya ɗaukar rangwamen kowanne ya bar nauyinsa. Idan aka tambayi kuɗi a ce ai ɗiya ce, idan aka tambayi makaranta a ce ai aiki ta zo yi.

Doka ta yi magana, ko da yake muryarta ba ta cika shiga soro ba. Dokar hana fataucin mutane ta 2015, wadda hukumar NAPTIP ke aiwatarwa, ta haramta ɗaukar yaron da bai kai shekara 12 ba aikin gida, ta kuma tanadi ɗauri. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta wajabta wa iyaye da masu riƙo su sa yaro firamare da ƙaramar sakandare. Zamfara ta sa hannu a kan dokarta ta kare yara a 2022. A duniya kuma, Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta amince da yarjejeniya mai lamba 189 a 2011, wadda ta ce mai aikin gida ma'aikaci ne kamar kowa, yana da haƙƙin hutu da albashi sananne. Sai dai dokar mafi ƙarancin albashi ta Nijeriya, wadda ta kai naira 30,000 a 2019 da naira 70,000 a 2024, ba ta hau kan wanda ma'aikatansa ba su kai 25 ba, saboda haka babu mai raino ko ɗaya da ta shafa. Dokar ƙwadago ma ta bar ƙofa ga ƙaramin aikin gida da yaro ke yi wa danginsa, kuma ta wannan ƙofa kalmar ɗiyarmu ce ke wucewa.

Nauyin da ke kan suna

Tunda hukuma ba ta shiga tsakar gida, hukuncin ya rage ga masu gidan, kuma yawancinsu masu ilimi ne, ma'aikata, waɗanda karatunsu da aikinsu bai yiwu ba sai da wata ta riƙe musu jariri. Tarihin kalmomin ya ba su ma'auni mai sauƙi. Wadda aka kira ɗiyar riƙo, a gan ta cikin kayan makaranta tare da 'ya'yan gida, a kai ta asibitin da ake kai su, a yi mata kayan ɗaki idan lokaci ya yi. Wadda aka kira 'yar aiki ko nani, ta kasance ta kai shekarun aiki, a yanka mata albashi a gaban shaidu, a san hannun da yake shiga, ta san ranar hutunta. Wadda aka kira mai raino, a haɗa mata biyun kamar yadda littattafan fiƙihu suka haɗa wa mai shayarwa, lada a hannu da girma a baki, a kuma koya wa yaron da ta goya hanyar gidanta.

A rubutun boko, wasali ɗaya ne ya raba ta raine shi da ta raina shi. Na farko aikin da yarinyar ke yi wa ɗan gida ne tun asuba har dare. Na biyu kuwa shi ne abin da yaron zai koya ya yi mata, idan manyan gidan suka bar shi yana kiranta da sunan da ba su da niyyar biyan abin da ke kansa.